Bijimin Ɓauna Mai Jan Ƙafa

Ana idar da sallar asuba Mantau ya ɗaura warkinsa, ya zura rigar layun da ta daɗe a rataye, ya saɓa adaka. Tun jiya ya wanke wa bindigar ciki, ya ɗura mata albarushi, ya danna mata dunƙulen ƙarfe irin wanda ake tanada domin manyan dawa. Ya rataya burgami, ya soke barandami a ƙugu. Da ya fito zaure sai ya iske 'yarsa Hurera tana jiransa, ta sa takalmin sau-ciki da koriyar rigar ɗaliban gandun daji, da gorar ruwa a kafaɗa.

Mantau shi ne sarkin bakan Tudun Marke. Shekarun baya, da aka killace dajin da ke yamma da garin aka mai da shi gandu, shi ya tsaya gaban hakimi ya ce bindigarsa ba za ta sake tashi a ciki ba, kuma ya sa maharban ƙasarsa suka bi. Bai taɓa saɓa wannan magana ba. Hurera kuwa tana shekarar ƙarshe a kwalejin koyon aikin gandun daji da ke bakin dajin, kuma a wannan makon kwalejin ta cika da baƙi. Ɗalibai ne suka zo taro daga jihohin Arewa da Nijar da Chadi da Kamaru, suna tattauna yadda za a ci amfanin daji ba tare da an cinye shi ba. Washegarin rufe taro za su shiga gandun su yi dashen itatuwa.

Sai ga wani bijimin ɓauna ya ware shi kaɗai ya haukace. Ya tare wata mata a mashaya ya karya mata cinya, ya kori masu gadin daji har sai da suka hau bishiya. Malamin daji ya ga ba zai tura 'ya'yan mutane cikin wannan hali ba, ya zo da kansa har gida ya roƙi Mantau ya kashe ɓaunan, ya ba shi izini. Amma doka ta ce bindiga ba ta shiga gandu sai da shaida daga ma'aikata ko ɗalibai. Hurera ta ce ita za ta. Uban ya ƙi, ya ce ɓauna ba gada ba ce. Ta ce damina biyu ta yi tana auna dajin nan da ƙafarta, shi kuwa rabonsa da cikinsa tun tana goye. Ya ce to, amma inda ya ce ta tsaya nan za ta tsaya.

Suka bar gari raɓa na jiƙa musu ƙafa. Gari na wayewa suka iso mashayar da aka tare matar. Mantau ya durƙusa a kan laka. Sawun yana nan, faɗin kofaton ya kai faifai, uku sun nutse sosai, na huɗun kuwa, na baya na hagu, bai taka ba, jansa ake yi, ya bar layi kamar an ja garma. Ya gwada wa Hurera da bakin barandami, ya ce dabbar nan ciwo ke cinta, ba hauka ba ne.

Suka bi sawu cikin marke da taura, suka ratsa wani fako inda ƙasa ta yi tauri har sawun ya ɓace, sai dai tsakuwar da aka ture da ciyawar da ta kwanta. Fakara ta tashi firr daga gabansu. Can nesa gwaggon biri ya yi haushi, 'yan'uwansa suka amsa. Mantau yana tafe yana jin ƙirjinsa na buɗewa. Itatuwan da ya bari ƙanana sun zama manya, kirya da maɗaci sun haɗe kai sama, ga kashin gwanki sabo a hanya, abin da ya ɗauka ya ƙare a ƙasar. Ya san akwai hannunsa a wannan.

Da hantsi ya ɗaga suka sami kashin ɓaunan. Mantau ya tura yatsa ciki, ya ji da sauran ɗumi. Ya miƙe ya nufi arewa, inda ya san akwai wani tafki da ɓauna ke birgima tun zamanin ubansa. Hurera ta taɓa masa hannu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Mene ne, Uwata?"

"Baba, tafkin nan ya cike da yashi. Tun da masu gawayi suka sare itatuwan gangaren, ruwa ya sauya hanya. Yanzu yana kwanciya ne a wani kwazazzabo da ya ɓalle ƙarƙashin kanyoyi, ta kudu."

Ya tsaya ya dubi arewa, ya dubi kudu. Ya ci gaba kaɗan yana duba ƙasa, sai ga layin jan ƙafar ya karkata kudu kamar yadda ta faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce ta wuce gaba ta nuna hanya.

Kwazazzabon ya fi yadda ya zata. Ruwan damina ya yanka ƙasa ya yi rami mai zurfin gaba biyu, jar ƙasa tsaye kamar bango, da ɗan ruwa kore kwance a gindi. Gamba ta rufe bakinsa, ta fi tsayin mutum, ta bushe ta yi fari. Nan da can akwai turaku da aka shafa wa jan fenti. Hurera ta raɗa masa cewa su suka kafa su, alamar inda ruwa ya rarake ƙasa ta ƙarƙashi ne, kada a taka. Sawun ya shige cikin gambar kai tsaye.

Mantau ya ɗebi toka a burgami ya saki. Iska ta kwaso ta zuwa fuskarsa, ya ji daɗin haka, don dabbar ba za ta shaƙi warinsa ba. Ya nuna wa Hurera wata kanya mai rassa, ya tsaya har ya ga ta hau ta zauna a kan reshe mai kauri. Sannan ya yi bismillah, ya ɗana kunamar bindiga, ya shiga.

Cikin gamba ba a ganin komai sai kara. Zafi ya taru, ƙudan tsando na cizon wuyansa. Yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar mai taka ƙwai, hancinsa na jin warin dabbar, warin laka da na ruɓaɓɓen ciwo. Sawun na gabansa, yana tafiya miƙe. Ya san halin ɓauna mai rauni, takan yi gaba sannan ta zagayo ta laɓe a gefen sawunta tana jiran mai binta. Yana sane, yana duban dama da hagu, amma gambar ta yi kauri.

Daga bisa kanya ya ji muryar Hurera, ba da ƙarfi ba, amma a sarari.

"Baba, hagunka, ta baya. Carkin da ke cin kaskarsa ya tashi."

Ya juya. Gambar ta tsage, ga baƙin abu kamar ɗaki ya taso, ƙahoni sun haɗe a goshi kamar turmi, hanci sama, idanu ja. Ya ɗaga adaka ya saki. Ƙarar ta cika dajin, hayaƙi ya turnuƙe, ya ji ƙarfen ya daki tushen ƙaho ya yi tsalle. Kafin ya kauce, goshin ya same shi a haƙarƙari. Ƙasa ta juya masa. Ya faɗo cikin saiwoyin wani marke, bindiga ta yi nata wuri, numfashi ya ƙi shiga.

Ɓaunan ya juyo yana jan ƙafa, yana huci, ya sunkuyar da kai ya fara tonon saiwoyin da ƙaho. Mantau ya matse jikinsa cikin rami, yana jin ƙahon na kankare itace dab da cinyarsa, yawun dabbar na zuba masa a wuya. Ya laluba barandami, ya ji ba ya nan. Ya fara kalmar shahada.

Sai ya ji ihu, ya ga wani koren abu na kaɗawa ta gefen ido. Hurera ce ta sauko. Ta tuɓe rigar ɗalibai tana kaɗa ta sama, tana jifan ɓaunan da hoge, tana kiransa kamar mai kiran sa. Mantau ya so ya ce ta koma, murya ta ƙi fita. Hoge ɗaya ya fashe a kunnen dabbar. Ya ɗago kai, ya bar Mantau, ya nufe ta.

Ba ta koma kanya ba. Ta ruga ta bakin kwazazzabo, ta bi tsakanin turakun nan masu jan fenti, inda ita da kanta ta ce kada a taka. Ƙasar ta ɗauki nauyinta. Da ta kai ƙarshe ta jefar da rigar gaba, ta daka tsalle gefe ta rungumi wani reshen kanya da ya sunkuyo. Ɓaunan ya bi rigar da dukan ƙarfinsa. Bakin ramin ya yi wata ƙara kamar an fasa tulu, ya rufta gaba ɗaya, ya tafi da shi ƙasa, jar ƙasa ta bi shi ta danne masa ƙugu.

Mantau ya ja ciki ya kai ga adaka. Albarushi na zube masa, kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa, amma ya ɗura, ya danna ƙarfe, ya rarrafa zuwa bakin ramin. Ɓaunan na ƙasa yana fafutukar tashi. Mantau ya jira har ya ba shi gefe, ya saita bayan kafaɗa, ya saki. Dabbar ta yi wani dogon nishi da ya sa tsuntsaye suka watse, ta kwanta. Ya gangara da taimakon 'yarsa, ya yi bismillah ya yanka tun da sauran rai.

Sai a sannan suka ga ƙafar. Wayar birkin babur ce aka yi zarge da ita, ta shige cikin nama har ƙashi, wurin ya kumbura ya yi tsutsa. Tarkon ɓarayin nama ne, ɓaunan ya tsinke shi ya tafi da shi. Hurera ta tsuguna ta daɗe tana warware wayar, hawaye na zubo mata, ba ta share ba. Mantau ya dafa wuyan dabbar ya ce Allah ya isar mata, ba ita ta fara ba. Ya yanke wutsiya kamar yadda maharba ke yi, ya juya ya miƙa wa Hurera. Ta ce ai shi ya harba. Ya ce ta karɓa.

Ta kira malamin daji a salula, aka zo da mota da ƙarti, aka fitar da su da naman. Mai ɗori ya ce haƙarƙari biyu ne suka tsage, ya ɗaure shi, ya ce ya kwanta. Mantau bai kwanta ba. Ranar rufe taro ya sa babbar riga a kan ɗaurin, ya tafi kwalejin, ya sami kujera can baya ya zauna.

Zauren ya cika, ana Hausa ana Turanci ana Faransanci. Da aka kira Hurera ta hau ba ta ɗauki takarda ba, wayar nan ta ɗaga, da sauran jini a jikinta. Ta ba da labarin matar da aka karya, da tafkin da ya cike, da ramin da ruwa ya yanka saboda an sare itatuwa, ta ce duk magana ɗaya ce. Ta ce dashe kaɗai ba ya tsare daji, sai an haɗa da mutanen da suka san shi, kuma a garinsu akwai maharban da suka riƙe alkawari shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su komai. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Wata ɗaliba daga Chadi ta ce irinta ce ke kashe musu barewa. Kafin a tashi aka amince cewa bayan dashe ɗalibai za su bi maharban Tudun Marke su share gandun daga tarkuna, kuma kowa zai kai wannan tsari ƙasarsu.

Wani saurayi daga Maraɗi da ke zaune kusa da Mantau ya sunkuyo ya ce, "Baba, wai da gaske ne yarinyar nan ita ta ja ɓaunan ya faɗa rami?"

Mantau ya dafa kujera ya miƙe, ciwon ya soke shi, ya cije. Ya ɗaga hannun dama kamar yadda yake yi in an dawo daga dawa da babban nama, ya buɗe murya, zauren ya yi tsit.

"Uwata ta Mantau, mai kiran ɓauna da riga. Kin taka inda ƙasa ke tsoro, ƙasa ta ɗauke ki. Na shiga da bindiga, ke kika fito da ni."

Waɗanda ba su jin Hausa ma sai da suka miƙe tsaye. Hurera ta rufe fuska da tafin hannu. Mantau ya zauna a hankali yana riƙe da haƙarƙari, ya juya wajen saurayin nan na Maraɗi, ya ce masa gobe in za a shiga daji ya sa takalmi mai kauri, kuma ya bi bayanta.