Ƙurajen Fuskata da Bakin Gari

"Aje moɗar nan!"

Hannuna ya tsaya cak tsakanin randa da bakina. Gidan suna ne, tsakar gida cike da mata, kowace ta waiwayo.

Hajiya Balaraba ce, mahaifiyar Al'amin, saurayin da aka kusa sa mana rana da shi. Ta taso ta zare moɗar daga hannuna da bakin zanenta.

"Atika, ba wulaƙanci ba ne. Akwai yara gidan nan. Abin da ake faɗi a kan fuskar nan taki... mu dai tsoro muke ji."

Na ja mayafina na fita.

Ban yi kuka ba. Hawayena sun ƙare tun bazara.

Tun tasowata fuskata mai maiƙo ce, ƙurji ɗaya nan, ɗaya can, ba wanda ya damu. Sai Sadiya, ɗiyar ƙanin Hajiya, mai saro kayan shafa daga Jibiya, ta kawo mini wani mai a kwalba marar suna.

"Amaryar yayanmu guda da wannan fuska? Shafa safe da yamma, ki ga aiki."

Na ga aikin kuwa. Da farko na yi haske, na yi sumul. Daga baya fuskar ta fashe da manyan ƙuraje masu ruwa, duk wanda ya mutu ya bar baƙin tabo, kumatuna suka ƙone kamar gindin tukunya.

Lokacin ne rediyo ba ta da zance sai na ciwon sida, wato ƙanjamau. Sadiya ta raɗa wa mace guda a bakin tabki cewa haka alamarsa take farawa. Kafin kasuwa ta sake ci, duk Madarunfa ta ji. Da ma ita dangi suka so Al'amin ya aura.

Matan da nake wa ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓe atamfofinsu ba a ɗinka ba. Kekena ya yi shiru.

Da la'asar Al'amin ya tsayar da taksinsa ƙofar gidanmu. Jigilar Madarunfa zuwa Maraɗi yake yi. Na fito zaure fuskata a rufe.

"Sahibata, buɗe in gan ki."

"Mi za ka gani? Abin da Hajiya ta gani ne."

"Na ji abin da ta yi. Wallahi raina ya ɓaci." Ya share gumi. "Akwai wata mata a Maraɗi, Madam Ɗelu. A Kwatano ta koyo gyaran fuska, tare da likitan fata suke aiki. Gobe zan kai ki."

Na gaji da sabulai, na gaji da saiwoyi, na gaji da rubutun sha. Amma na gyaɗa kai.

Madam Ɗelu ta tallabi haɓata, ta juya fuskata wajen taga, ta daɗe tana kallo.

"Man bilicin ne ya cinye miki fata, ɗiyata. Ki jefar da shi yau. Kuma in faɗa miki gaskiya, sai ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru. Za ki iya?"

"Ina da zaɓi ne, Madam?"

Ta kwantar da ni kan wani dogon gado, ta turara mini fuska da tururin ruwan zafi, ta sa safar hannu ta bi ƙurajen da suka nuna da wani ɗan ƙarfe tana fidda su. Na cije leɓe har na ji jini. Ta shafe ni da farin yumɓu mai sanyi, ya bushe ya ɗaure fuskar, ta wanke. Likita ya ba ni ƙwayoyi da man dare, ya hana ni shiga rana.

A hanyar komawa, da muka wuce gonakin Safo, Al'amin ya rage gudu.

"Atika... Hajiya ta ce in dai za ki yarda a auna jininki, za ta janye."

Na dube shi.

"Hajiya ce ke son sani, ko kai?"

Bai amsa da wuri ba. Wannan ɗan jinkirin ya fi moɗar nan yi mini ciwo.

"Tsaya in sauka."

"Haba masoyiyata! Ni ban ce..."

"Ba ka ce ba, ka yi shiru! Na gaji, Al'amin. Je ka auri Sadiya, fuskarta sumul take."

Amalanken jaki mai ɗauke da harawa ya ƙarasa da ni gida.

Maganar Madam ta tabbata. Fuskar ta kumbura, ta yi saɓa, ko madubi na daina dubawa. Duk da haka ban fasa zuwa Maraɗi ba. Da kaina na roƙi likita ya auna jinina, don ni ma zancen mutane ya fara shiga kaina. Ya ce lafiyata lau. Innata kaɗai na faɗa wa.

In na je tasha, motar Al'amin tana nan, kujerar gaba ba kowa. Sai in wuce in shiga ta wani. Ya rame. Na gani, na kau da kai.

Aka yanke gero, aka cire gyaɗa. Ƙurajen suka fara kwanciya, maiƙon ya ragu, tabon ya soma dusashewa kaɗan-kaɗan, kamar mai jin nauyin tafiya.

Wata safiya na shiga wurin Madam na tarar da mace a kan benci, ta dunƙule cikin hijabi. Kusa da ita Hajiya Balaraba ce zaune.

Matar ta ɗago.

Sadiya!

Fuskarta ta fi tawa ta da muni. Ashe ita ma man take shafawa a ɓoye, kuma bakin da ta buɗe a gari ya juyo kanta.

Na sha tsara abin da zan faɗa mata in irin wannan rana ta zo. Da ta zo, na laluba zuciyata ban sami ko ƙarfin faɗa ba.

"Matsa in zauna," na ce. "Tururin da zafi, amma kar ki gudu. In kin gudu komawa farko za ki yi."

Ta fashe da kuka. Hajiya ta yi ta murza carbinta.

"Atika," ta ce daga ƙarshe, idonta a ƙasa, "babba ma yakan yi kuskure. Ki yafe mini, ɗiyata."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya."

Da na fito, Al'amin yana jingine da motarsa. Shi ya kawo su.

"Tun kafin ciwon Sadiya ya bayyana na faɗa wa Baba ya tura a sa rana," ya ce. "Ke kaɗai nake jira."

"Ba ka tambayi awon jinin ba."

"Na tambaya sau ɗaya, kunyarsa ta ishe ni har in mutu."

Na sauke mayafina a tsakiyar titi. Tabon yana nan a kumatuna, Madam ta ce wani ba zai taɓa gogewa duka ba.

"Dube ni da kyau. Iyakar gyaruwar ke nan, wataƙila."

Ya dube ni, bai ƙifta ba.

"Na gani. Ina so."

"To ka sani, lafiyata lau. Likita ya auna tuni."

Ya rufe fuska da tafin hannunsa.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurenmu. Ranar kai amarya ƙawayena suka zo da hoda za su rufe mini tabon.

Na ce su bari.

A haka na shiga ɗakin mijina.