Dutsen Taimamar Iya

"Ina dutsen da na ajiye gaban madubi?"

Fatihu ya ɗago daga wayarsa hankali kwance, ya ce ai ya kai wa Iya jiya. Likita ya hana ta taɓa ruwa tun da aka yi mata aiki a hannu, sai taimama, shi kuwa dutsen santsi gare shi.

Muhibba ta dafe kai. Wata takwas da aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba sai yau.

"Fatihu... Iya a Mpape take. Mpape fa, inda ake fasa dutse safe da yamma. Duk duwatsun garin ba su ishe ka ba sai nawa?"

"Haba rabin raina, dutse ne fa kawai."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai. Sau nawa za ta yi masa bayani? Sati uku ta yi a tsaunukan Maroko tana shan rana kafin ta samo shi. A cikinsa akwai ɓawon wasu ƙananan halittun teku da suka rayu shekara miliyan ɗari biyar da suka wuce, lokacin da dabbobi ke fara yaɗuwa a duniya. Sinadarin da ke cikin ɓawon shi ke nuna ko ruwan tekun wancan zamani zafi gare shi ko sanyi. Digirinta na uku a kansa ya rataya, kuma Litinin ake jiranta da shi a ɗakin gwaji a Sheda.

Suka shiga mota zuwa gidan Iya, har suka haye tudun Mpape ba ta kalle shi ba. Ya ba ta haƙuri, ya kunna rediyo, ya kashe, ya sake ba ta haƙuri. Ita dai tana ta tsara yadda za ta karɓi abinta ba tare da ta yi wa uwar miji rashin kunya ba.

Suka tarar da Iya kan darduma, hannu a naɗe, tana shafa dutsen a hankali za ta yi la'asar. Da ta idar, ta jawo Muhibba kusa, ta ce Fatihu ya faɗa mata tsarabar surukarta ce daga tafiya.

"Kwana huɗu ina jin kunyar Ubangijina, 'yata. Ke kika tuna da ni. Allah Ya ba ki masu yi miki."

Muhibba ta juya ta kalli Fatihu. Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ashe har ƙarya ya yi da sunanta.

Ta maida dubanta ga Iya. Ta ce, "Amin, Iya. Aron sa zan yi ranar Litinin, a gyara miki shi ya fi daɗin riƙewa."

A mota ta gaya masa za ta sa a yanka dutsen biyu. Rabin dutsen ba zai ba ta duk awon da take so ba, malaminta kuma zai yi faɗa, ta sani.

Fatihu ya kamo hannunta, idonsa ya ciko. Ta zare, sannan ta bar masa yatsu biyu.

"Kai za ka kai ni Sheda da asuba, ka zauna ka jira. Kafin azahar rabin Iya ya koma hannunta."