Tarin Haliru

Ranar da Ni'mat ta fara ganin Haliru, tsugune yake a tashar kasuwar Suk al-Shabi ta Omdurman yana tari kamar ransa zai fita. Wata durom ce ta tsage a motar da yake tuƙawa, tana fitar da farin hayaƙi. Jama'a kuwa, da yake an saba ɗauka duk hayaƙi wuta ce, sai kwarara mata ruwa suke.

"Ku bar ruwan nan!" ta daka musu tsawa. "Busasshen yashi za ku kawo!"

Shekararta shida a ɗakin gwaje-gwaje, ta san kayan. Silikon tetrakiloraid ne, garai kamar ruwan sha, amma da ya taɓa danshi sai ya rabu biyu: farin gari, da hayaƙin asid mai cin maƙogwaro.

Ta ja shi nesa ta wanke masa idanu. Ya buɗe su jajur.

"Ya ustaza, ashe ban mutu ba?"

"Saura kaɗan. Yi shiru."

Wata huɗu tarin bai sake shi ba. Shi ma bai sake ta da saƙo ba.

"Nur aini, hasken idona, yau sau tara kawai na yi tari. Biyu na kewarki ne."

"Sha zumarka, ɗan unguwar Mayo. Na gaji, sai gobe."

Mahaifinta Alhaji Mika'ilu, badukun Omdurman, ya ƙi maganar aurensu. Jibrin, ɗan ƙanwarsa mai neman Ni'mat tun tuni, ya raɗa masa wai tarin Haliru tibi ne, tarin fuka. Ta kawo takardar asibiti, tsohon ya ce shi kunnensa ya sani. Ta kawo ta biyu, bai ko duba ba.

Haliru ya rubuto: "Khalas, shi ke nan, habibti. Kada ki ɓata da Yaba, mahaifinki, saboda ni."

Ta ɗebo sinadarin nan a 'yar kwalba daga ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da aka yi ruwa, ta ajiye kwalbar a can ƙarshen tsakar gida, ta buɗe. Farin hayaƙi ya miƙe, iska ta kaɗo kaɗan. Alhaji ya sarƙe har da hawaye.

"Yaba, ɗigo uku ke nan. Shi durom guda ya rungume, ya gangarar da ita nesa da mata masu shayi."

Tsohon ya daɗe yana goge ido.

"Rufe wannan bala'in, ya bitti, 'yata. A kira mini yaron."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Amarya ta yi barci tun lallenta bai bushe ba. A waje Alhaji ya riƙe hannun ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana. Ita dai sai haƙuri, taurin kai gare ta. Ban san inda ta gado shi ba."