Alƙaluman Alhaji Nu'umanu

"A kwanta! Kowa shi kwanta!"

Babu wani kowa. Mutum ɗaya ne a zauren gidan Alhaji Nu'umanu da ke Tambuwal: Baba Atu maigadi, yana sauraren huɗuba a rediyo. Ya kai hannu ga sandarsa, ya yunƙura zai miƙe.

Tau!

Tsohon ya zame jikin bango, ya dafe ciki. Rediyon ta ci gaba da magana.

"Ɗangiwa! Mun yi da kai ba a harbi!"

"Sanda yaɗ ɗauka."

"Sanda! Mutumin da ba shi iya korar akuya!"

"Wuce ka nuna muna ɗaki, ɗan boko. Ba wa'azi munka zo ji ba."

Su uku ne. Ɗangiwa, mai bindiga, shi ne ogansu. Haliru ya tsaya a ƙofa da babura biyu a kunne. Na ukun, wanda ya naɗe fuskarsa da rawani har ido, shi ne Sirajo, sakataren Alhaji. Shi ya kawo aikin, shi ya zaɓi lokacin: Juma'a, ƙarfe biyu saura, mazan unguwa duk suna masallaci.

Shekara shida Sirajo yana gidan nan da digirinsa. Babban aikinsa wankin alƙaluma. Alhaji tsohon ɗan kwangila ne, kuma abin da ya sa a gaba shi ne tara alƙaluman tawada na ƙasar Japan. Ana shafa musu wani irin ƙaro na itace, shafi bisa shafi har wata da watanni, sannan mai zane ya yayyafa garin zinari ya fitar da tsuntsu ko kifi. Kowane iri 'yan kaɗan ake yi a duniya, kowanne da lambarsa, da takardar shaidarsa, da ƙaramin akwatinsa na katako. Goma sha biyu Alhaji yake da su. Bai taɓa rubuta wa kowa wasiƙa da ko ɗaya ba. A ƙauyen da ya fito, ajin firamare ya shekara uku babu rufi, kuma duk mai zuwa gaisuwa ya sani, amma sai ya kalli alƙaluman ya ce masha Allah.

Sirajo ya tura ƙofar ɗakin karatu — ya daskare.

Alhaji na zaune a kujera, ƙafarsa a kumbure bisa matashi. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci.

"Rufe baki!" Ɗangiwa ya ɗora masa bindiga a wuya. "Kai kuma, kwaso!"

Sirajo bai ce uffan ba, don kada muryarsa ta tona shi. Ya nufi kabad. Kafin ya buɗe, sai ya miƙa hannu ya ja labulen taga. Sannan ya zaro farin ƙyalle daga aljihun tebur ya naɗe yatsunsa da shi. Bai san ya yi ba. Shekara shida ana ce masa rana tana kashe hasken fentin, gumin hannu yana ɓata shi.

Alhaji ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Sirajo," ya ce a hankali. "Kai na?"

Ƙyallen ya faɗi ƙasa.

"Tau, an gane ka," in ji Ɗangiwa. "In gama da shi?"

"A'a! Wallahi in ka harbe shi ba ni kai ku ga mai saye! Mu tafi!"

Suka zuba akwatunan cikin buhu. A zaure Baba Atu yana numfashi sama-sama, idonsa a buɗe. Sirajo ya tsallake ƙafafunsa bai duba ba.

Babura suka yi kuka — suka bar kwalta — suka faɗa hanyar Kebbe!

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Sirajo na bayan Haliru, ya rungume buhun. Abu ɗaya yake juyawa a ransa: Tambuwal ta haramta gare shi daga yau. Ba gida, ba aiki, ba suna. Abin da ya rage masa a duniya shi ne alƙaluman nan su isa hannun wani mai saye a Legas lafiya lau, ya sami abin da zai tsallake iyaka da shi.

* * *

Lokacin da Insfekta Mu'awiya ya iso gidan, an sauko daga masallaci. Ƙofar gida ta cika maƙil. Wajen mutum arba'in sun kewaye Baba Atu, wayoyi a sama ana ɗaukar hoto, ana salati. Babu wanda ya kawo mota.

"Minti nawa yana nan kwance?" Insfekta ya daka tsawa.

"Ai jira muke ku zo, ranka shi daɗe. Kada a ce mu munka taɓa shi."

"Jini na zuba kuna jira! Kai mai farar riga, motar wa ce waccan? Ɗauke shi! Yanzu!"

Alhaji ya fito yana ɗingishi, yana dafa bango.

"Insfekta, alƙaluma goma sha biyu na. Akwai mai zanen gauraka, lamba goma sha bakwai cikin tamanin da takwas. Don Allah ka gaya ma yaranka kada su bari rana ta..."

"Alhaji, maigadinka ne wannan ake fita da shi."

"Na gani, Allah shi ba shi lafiya. Cewa nika yi, in an same su, kada a taɓa da hannu."

Insfekta ya zaro littafinsa. Ya tambayi sunan wanda aka gane, ya tambayi inda babura suka nufa, ya ɗebi mutum huɗu suka fita. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe. Sawun taya biyu ya kwanta a laka kamar an zana.

* * *

A wata bukkar gona da aka bari, can wajen Fakku, suka tsaya. Sirajo ya ɗaga waya sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Babu sabis.

"Sai na hau tudun can," ya ce. "Ku ji ni da kyau. Kada wanda ya buɗe buhun nan. Kada a sa shi a rana."

"Ji shi," in ji Haliru yana dariya. "Kamar jariri munka sato."

"Tafi ka dawo," in ji Ɗangiwa. "In ka wuce rabin awa, ka san ni."

Sirajo ya kutsa cikin gero. Sai da ya yi nisa ya taɓa ƙugunsa. Alƙalami mai gaurakan yana nan, a soke cikin mazagin wando. Tun a hanya ya zare shi daga akwatinsa. Wannan nasa ne shi kaɗai, ko da rabo ya zo da gardama.

A kan tudu sabis ya kawo. Mai sayen ya ɗauka a bugu na uku.

"Ka turo mini hoton kowanne," ya ce. "Alƙalami, akwati, takarda, lamba ta fito sosai. In babu akwati da takarda, kada ka sake kirana. Ba na sayen abin da ba zan iya nuna asalinsa ba."

"Komai na nan."

"To ina jira."

Sirajo ya juyo. Daga saman tudun ya hango hayaƙi, siriri, fari, yana tashi daga tsakiyar gero. Ya ruga a guje!

* * *

Insfekta ma ya ga hayaƙin. Sawun ya ɓace musu a wani fako, sun yi kusan minti ashirin suna kewaye.

"Kofur, wa ke hura wuta a gona da la'asar sakaliya, ranar Juma'a?"

"Ko manoma ne, oga."

"Da wane icen? Komai a jiƙe yake. Ku kashe mota. Da ƙafa za mu."

* * *

Sirajo ya faɗo bukkar yana haki.

Butar shayi na kan duwatsu uku tana tafasa. A ƙarƙashinta katako ne fari, marar nauyi, yana ci bal-bal. A jikin wani guntu ana iya ganin rubutun Japan yana baƙi yana lanƙwashewa.

"Me kuka yi? Me kuka yi!"

"Shayi," in ji Haliru. "Icen wurin ga duk ya sha ruwa. Waɗanga kuwa kamar an sa musu fetur. Zauna a zuba maka."

"Takardun fa?"

"Da su munka kunna."

Sirajo ya durƙusa ya cusa hannu cikin wutar. Ya fizgo rabin murfi, ya ƙone, ya sake shi. Sai a lokacin ya ga Ɗangiwa. Yana zaune a bakin bukka, cikin rana, ya shimfiɗa rawani. Filaya a hannunsa. Ya ɓalle bakin alƙaluman ɗaya bayan ɗaya ya tara a gefe. Jikinsu kuwa an kankare da wuƙa, kifi da furanni sun koma baƙin gari a kan ƙyalle.

"Zaka nan, ɗan boko," Ɗangiwa ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kac ce muna zinari. Kac ce ɗaya ya fi mota. Na kankare har ƙasa, roba ta a ciki. Zinarin duka bai kai ɗan kunnen amarya ba."

"Jahili! Ba zinarin ake saye ba! Aikin ake saye, da lambar, da akwatin da kuka dafa shayi da shi! Wani tsoho ya yi wata shida a kan wanda ke hannunka!"

"Wa kaka ce ma jahili?"

"Kai! Kun ƙone ni! Ina zan je yanzu? An ga fuskata, an san uwata, an san gidanmu!"

"Mu dai mun san zinari, mun san shanu, mun san waya," in ji Haliru, ya daina dariya. "Wane mahaukaci zai sayi biro don akwatinai?"

Ɗangiwa bai ɗaga kai ba. Yana taɓa bakunan da tsinin wuƙa, leɓensa na motsi.

"Akwati goma sha biyu munka fasa," ya ce. "Alƙalami goma sha ɗaya. Haliru, laluba shi."

Sirajo ya ja da baya. Haliru ya cafke shi — suka yi kokawa — riga ta yage! Abin ya faɗo a laka, baƙi wuluk, gauraka biyu na zinari sun buɗe fiffike a jikinsa.

"Af! Ashe wanga shi na na gaske," in ji Ɗangiwa yana miƙewa. "Ka bar muna na banza, ka ɓoye mai tsadar. Ni nih harbi mutum, kai ka ci riba."

"Duk ɗaya suke! Wallahi duk ɗaya suke, kai ka lalata..."

Tau! Tau!

Ɗangiwa ne ya harba. Sirajo ya faɗi a kan butar. Shayi ya kife, wutar ta yi cuu.

"'Yan sanda ne! Kada wanda ya motsa!"

Gero ya dare ta ko'ina. Ɗangiwa ya juya da bindiga — bai kai ga ɗagawa ba — harsashi uku suka same shi a ƙirji! Haliru ya haye babur, taya ta yi ta juyawa a laka, Kofur ya yi tsalle ya danne shi.

Insfekta ya durƙusa kan Sirajo. Yana da sauran rai. Hannunsa da ya ƙone yana lalube a ƙasa.

"Ɗauke shi... daga rana," ya ce.

"Kai za mu ɗauka. Kofur, kama ƙafafun!"

Daga bukkar zuwa inda suka bar mota tafiyar minti goma sha biyar ce cikin laka. Sun yi ta da gudu, mutum huɗu suna riƙe da shi. Ya cika kafin su hau kwalta.

* * *

Washegari da hantsi aka binne mutum uku. Baba Atu ya rasu a hanyar Sakkwato. Likitan da ya karɓi gawar ya ce da an kawo shi da wuri da an yi wani abu. Tsohon ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ɗangiwa babu wanda ya zo neman gawarsa, hukuma ce ta binne shi. Sirajo kuwa mutum bakwai ne suka tsaya masa salla, mahaifiyarsa ta rufe ƙofa ta ƙi karɓar gaisuwa. Haliru yana tsare, shekarunsa ashirin da uku. Waɗanda suka ɗauki hoto a ƙofar gida sun riga sun tura wa kowa, kuma a majalisa ana ta cewa ƙaddara ce.

Da azahar Alhaji ya zo caji ofis don ya shaida kayansa. Insfekta ya buɗe leda a kan tebur: bakuna goma sha ɗaya, sanduna goma sha ɗaya a kankare, da mai gauraka. Alhaji ya zaro ƙyalle, ya ɗauke shi, ya sa tabarau, ya daɗe yana juyawa.

"Akwai ƙarzuwa nan ga fiffike," ya ce. "Ina akwatin? Ina takardar?"

"Sun ƙone."

Alhaji ya ajiye shi, ya ture da ɗan yatsa.

"Tau ai ya tashi aiki. An cuce ni, Insfekta. Ba wanda anka cuta cikin lamarin ga kamata."

Insfekta ya mayar da alƙalamin cikin leda ya ƙulle bakinta.

"Matar Atu tana benci a waje tun safe," ya ce. "Ta zo karɓar rigarsa. Ta ƙofar za ka fita, Alhaji, babu wata. Ka tsaya ka maimaita mata."