Allon Alhaji Mato

A motar haya ta danfo daga Ogba zuwa Agege Shafi'i ya fara ganin Firdausi, tana leƙen wayarsa ba kunya.

"Malam, shuɗin nan naka kamar bangon asibiti."

Ya ɗago zai yi musu, da ya ga fuskarta sai ya fasa. Sana'arsa kenan, tsara allon bayanai: ina kowane abu zai zauna, da wane launi.

Bayan wata huɗu ya tura magabata. Mahaifinta Alhaji Mato, dillalin shanu a kara, ya murtuke.

"Mai wasa da launi zan ba 'yata? Ga Ridwanu mahauci, sana'arsa ana ganinta a hannunsa!"

Da aka matsa, ya ce, "Shafi'in ya yi mini allon da zan duba in san inda tirelolina suke a hanya. In na gane, na ba shi."

Shafi'i ya zuba gwaninta: taswira, ruwan toka, ƙananan rubutu. Alhaji ya jujjuya wayar a tsakar rana, ya miƙa masa.

"Ban ga komai ba. Tashi."

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saƙon Firdausi ya shigo:

"Nawan, kar ka karaya. Idon Baba ya yi rauni, ba ya so a sani. Kuma ba da lamba yake sanin mota ba, sai da shaidar fentin bayan shanun. Je ka kara ka zauna."

"Fiddona, gobe zan sayi takalmin roba."

Kwana uku yana taka kashin shanu. Ya share taswirar. Ya sa baƙin bango da layi ɗaya daga Arewa zuwa Agege, shaidu manya-manya suna tafiya a kai: jan zobe, koren layi biyu, farin ɗigo.

Alhaji ya karɓa a gaban dillalai.

"Jan zobe ya wuce Ibadan. Motar Mamman ce, kafin la'asar tana nan." Ya ƙura wa yaron ido. "Wa ya ce ka girmama su haka?"

"Hasken ranar kara ne, Baba. Ni ma ba na ganin ƙanana."

Tsohon ya sake duban allon. Tsoho ba ya rasa gane wanda ya rufa masa asiri.

"Ku turo, na ba ka."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, Allah ya sa albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba. Katin gayyatar kuwa amarya ce ta zaɓi launinsa. Ko ɗigon shuɗi babu.