Fim Ɗin da Ya Fita Ta Iska

Da hantsi mai tace fim, wato edita, ya ga aikinsa yana yawo a wayoyin mutane. Fim ɗin da ko sinima bai kai ba, wanda furodusa ya sayar da motarsa aka yi shi, ga shi nan kyauta, kowa yana tura wa kowa. Kafin azahar yana tsaye a gaban teburin Saje a ofishin 'yan sanda, idanunsa jajur, yana rantsuwa cewa ba wanda ya shiga ɗakin aikinsa.

Saje ya saba da ɓarayin da ke fasa ƙofa su bar sawu. Da suka hau benen da editan yake haya, ya duba kwaɗon ɗakin, lafiya lau. Taga da ƙarfenta. Kwamfutar tana kan tebur, faifan ajiya yana gefenta, ba abin da ya ɓata.

"To, me aka sace?" in ji Saje.

"Fim ɗin, ranka ya daɗe."

"Ba ga shi a ciki ba?"

Editan ya yi bayani, Saje ya ƙara ɗaurewa. Wai fim ɗin yana cikin kwamfuta, amma a falo yake kallonsa don ya ga kala da kyau a babbar talabijin. Na'urar gem, wato ta wasan bidiyo, da ke ƙarƙashin talabijin ita ke janyo shi daga ɗaki ta hanyar rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, ba tare da fim ɗin ya bar inda yake ba. Saje ya leƙa ɗaki, ya dawo falo, ya sake leƙa ɗaki. A ransa ya ce wannan ai an sayar da akuya ne tana ɗaure a turkenta. A fili kuwa kai kawai ya gyaɗa, ya nemi a kira masa duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin.

Darakta ne ya fara zuwa, yana huci. Editan ya riga ya raɗa wa Saje cewa sun yi cacar baki da shi a kan wasu fitowa da aka yanke. Daraktan bai musa ba, amma ya ce a duba fim ɗin da ya fita: tsohon yanka ne mai tsawo, wanda shi da bakinsa ya ce a rage. Wane mahaukaci ne zai fitar da aikinsa da ɗanyen sauti, sunansa a jiki? Ƙari ma, tun da aka gama ɗauka bai sake taka gidan ba, ta waya suke faɗansu. Matar editan ta tabbatar da haka. Saje ya sallame shi, kansa ya ƙara kullewa.

Ya nemi a ba shi wanda ya fita ya kalla. Ya zauna a kujerar falon, wayar editan a hannunsa, ya sa tabarau. Labarin bai dame shi ba, hoton yake bi. Can sai wani ɗan rubutu ya ɓullo a kusurwar sama, ya ɓace. Ya mayar baya ya nuna. Editan ya karanta: sanarwar na'urar gem ce, wai batirin abin da ake riƙewa a buga gem ya kusa ƙarewa. Ashe ta cikin gem aka naɗi fim ɗin yana tafiya. A hankali ya juya ya dubi matarsa, don ita ke wuni a falon.

"Baban yara, ni kake kallo?" ta ce. "Ni da ko kunna abin nan ban iya ba?"

Bai ɗauke idonsa daga kanta ba. Ta shige ɗaki tana share ido da gefen mayafi. Saje ma zuciyarsa ta fara karkata can, sai dai ya kasa gane ribar da mace za ta ci in ta rushe sana'ar da ke ciyar da gidanta.

Ya ci gaba da kallo. Abin da ya fara ba shi haushi shi ne yadda hoton yake sarƙewa. Ana cikin magana sai fuska ta tsaya, ta farfashe kamar an zuba ruwa a kan zane, sannan ta dawo. Ya tambaya ko wayar ce. Editan ya ce a'a, haka yake a ko'ina. Saje ya ce to a kunna masa na gidan a talabijin ya gani.

Aka kunna. Hoto tar, har gumin goshin 'yan wasa ana gani, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Duk da halin da yake ciki, sai da editan ya ɗan yi alfahari. Ya ce da farko ta waifai, wato ta iska, yake janyowa, amma hoto mai nauyi irin wannan iska ba ta iya ɗauka, sai ya yi ta tsayawa. Shi ya sa ya huda bango ya ja kebul daga rauta zuwa gem ɗin. Ya ɗaga labule ya nuna shuɗiyar wayar da ta bi gindin bango.

Saje ya tsura wa wayar ido, ya daɗe. Rabin bayanin bai shiga kansa ba, amma wannan ya shiga.

"Naka ba ya sarƙewa saboda waya. Na ɓarawo yana sarƙewa. Ke nan nasa ta iska ya bi?"

Editan ya gyaɗa kai.

"In wani yana da irin gem ɗinka, yana kuma da lambar waifai ɗinka, zai ga fim ɗin?"

Editan ya zauna a hannun kujera. Ya ce zai gani. Bai taɓa sa wa jakar finafinan makulli ba, don a tunaninsa su kaɗai ne a kan rautar.

Saje ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki, ya ba matar haƙuri, ya tambaye ta wa ya san lambar. Ta ce mutum biyu. Akwai nas ɗin da ke hawa na sama, sai dai ta tafi kwas tun kafin a fara tace fim ɗin, ɗakinta a kulle. Sai mai askin da ke ƙasan bene, wanda ke karɓar musu saƙo in ba sa nan. Datarsa ce ta ƙare wata rana, ta ga ba komai ba ne, ta ba shi lambar. Editan ya ƙara da cewa mai askin ma ya ɗan fito a fim ɗin, a matsayin direban tasi, amma fitowarsa tana cikin waɗanda aka yanke.

Suka sauka. Shagon ƙarami ne, madubi a bango, benci na masu jira, talabijin a maƙale a sama. A kan kanta, tsakanin kwalaben man gashi, ga na'urar gem irin ta editan sak, wadda samari ke buga ƙwallo da ita kafin layi ya zo kansu. Mai askin yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski. Ya yi musu maraba da fara'a, amma injin da ke hannunsa ya tsaya.

Saje bai tambaye shi komai ba. Ya ce wa editan ya kunna gem ɗin. Sai ga sunan kwamfutar editan ya bayyana a talabijin, da jakar finafinansa gaba ɗaya. Aka danna fim ɗin, ya fara, bai yi nisa ba fuskar jarumar ta tsaya ta farfashe.

Saje ya juya ga mai askin, ya jera masa abin yadda ya fahimce shi. Ba a fasa ƙofa ba saboda ba a buƙatar shiga. Rubutun batiri ya nuna ta gem aka naɗa. Gem ɗin editan da waya yake aiki, ba ya sarƙewa, saboda haka na wani ne da ke ɗaukar waifai daga nesa, ta cikin siminti. Masu lambar biyu ne, ɗaya ba ta gari. Sannan a cikin jakar akwai sabon yanka mai kyau, amma ɓarawon ya tsallake shi ya ɗauki tsohon, wanda ba wanda ya fi shi amfani sai mutumin da aka cire daga sabon.

Mai askin ya ajiye injin. Ya ce ba sayarwa ya yi ba, wallahi. Ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa da 'yan uwansa da duk mai zuwa shagon cewa zai fito a fim, sai ya ji daga bakin wani cewa an yanke shi. Ranar da ya ga jakar a talabijin ɗinsa, ya ɗauka rabo ne ya biyo shi har shago. 'Yar uwarsa kaɗai ya tura wa, don ta nuna wa tsohuwa.

"Maƙwabci," in ji editan, "da ka roƙe ni, da na yanko maka wurin naka na ba ka."

Mai askin ya sunkuyar da kai. Editan ya juya ya hau bene da sauri, yana kiran matarsa tun daga matakala.

Saje ya ce wa mai askin ya rufe shago su tafi ofis. Sai dattijon da ke kan kujera ya yi gyaran murya, ya nuna kansa a madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya gashi, ya tambaya ko haka zai bi titi.

Saje ya dube shi, ya dubi mai askin. Ya cire hularsa ya zauna a benci.

"Ƙarasa masa," ya ce. "Ina jiranka."