Cikin da Za a Cire

Abin da ta fara lura da shi shi ne yana ba wa ɓera haƙuri kafin ya yi masa allura.

Sabuwar ɗaliba ce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, shi kuma ɗalibi ne da ya riga ta zuwa. Aikinsu ɗaya ne: su dasa wa fararen ɓeraye ƙarin ciwon daji a ciki, sannan su ga ko sojojin garkuwar jiki za su kutsa su yaƙe shi. Don rashin maganarta ya sa mata suna Shiru-shiru. Ita kuma a zuciyarta Mai Haƙuri take ce masa, har ranar da sunan ya suɓuce mata a gabansa. Daga nan soyayya ta kama.

Wata safiya ta bar wayarta a falo. Gwaggonta, ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta kamun ta, ita ta ga saƙon:

"Shiru-shiruna, na duba cikin, abin ya girma sosai. Dole mu cire shi kafin ya fi haka. Kada ki ji tsoro, ni zan riƙe wuƙar."

Ko da ta fito wanka, Baba na zaune da wayar a hannu, Mama na kuka.

"Cikin wata nawa ne?" Baba ya tambaya.

"Baba, wallahi na ɓera ne."

"Ka ji ko, Yaya? Har ɓera ta mayar da kai," in ji Gwaggo.

Aka karɓe wayar, aka hana ta fita. Baba ya daina amsa gaisuwarta, ya ce muddin yana numfashi yaron nan ba zai taka masa gida ba. Abinci ya gagare ta. Ita da ba ta iya haɗa ido da Baba, ranar nan ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Baba, kada ka yarda da bakina. Ka zo ka gani da idonka. In ƙarya nake, ka cire ni daga cikin 'ya'yanka."

Ya zo ɗakin gwaje-gwajen, Gwaggo na biye da shi.

Mai Haƙuri ya rame shi ma. Ya gaishe su, ya ɗago ɓeran daga keji, ya nuna musu kumburin cikinsa. Sannan ya zaunar da Baba gaban madubin ƙara girma.

"Baba, jan nan shi ne ƙarin dajin da muka cire daga cikin wani ɓera. Korayen ɗigon da suka shige shi su ne sojojin. Ita ta fara gano su."

Baba ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"'Yata, ki yafe mini."

Ta fashe da kuka.

Ya juya ga saurayin. "Kai kuma, haka ake rubuta wa 'yar mutane saƙo? Ba ka iya rubuta ɓera ba?"

"Na tuba, Baba. Amma ina son ta. Da aure."

"To ka turo iyayenka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Tana cikin share hawaye ta hango Gwaggo ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofar a hankali ta fice.